Mu San Tsutsa Kafin Mu Sayi Guba



Kowace shekara, da zarar hatsi ya fara fid da kai, magana ɗaya muke ji a kasuwa da bakin rijiya: "Tsutsa ta sauka." Idan aka tambayi mai maganar wace tsutsa ce, sai ya ce ai tsutsa tsutsa ce. Daga nan sai ya sayar da akuya ko kaji, ya nufi teburin mai magani, ya sayo kwalbar da bai san abin da ke cikinta ba. Ya je gona ya fesa. Wani lokaci tsutsar ta mutu. Sau da yawa kuwa kuɗinsa ne kawai ke mutuwa.

Ra'ayinmu a wannan shafi shi ne: wanda bai san sunan tsutsar da ke gonarsa ba, bai san inda ta fito ba, bai san lokacin da uwarta ta yi ƙwai ba, to bai kamata ya sayi guba ba tukuna. Sanin nan ba ya bukatar kuɗi. Ido yake bukata, da haƙuri, da fensir da littafi. Mu da muka koyi karatu da rubutu da girmanmu, wannan aiki namu ne.

Ƙasarmu tana wajen fadamar Tarka, inda gonaki ke ƙarewa, makiyaya ta fara. Damanarmu gajera ce. Idan hatsi ya lalace a watan Agusta, babu sauran lokacin sake shuka. Saboda haka kuskuren da manomin kudu zai iya gyarawa, mu a nan yunwa yake jawo mana.

Kowace tsutsa tana da uwa

Da yawa daga cikinmu mun taso muna jin cewa ruwan sama ne ke zubo da tsutsa, ko kuma zafin ƙasa ne ke haifarta. Gaskiyar magana ita ce, tsutsar da ke cin ganye da zangarniya ɗiyar wani ƙwaro ce mai fikafikai. Rayuwarsa hawa huɗu ce.

Na farko, ƙwai. Uwar tana ajiye shi a kan tsiron da ɗiyarta za ta ci. Na biyu, tsutsa. Ita ce mai ci, ita ce mai ɓarna. Na uku, idan ta ƙoshi sai ta daina ci, ta dunƙule cikin ɓawo mai tauri, a cikin ƙasa, ko cikin kara, ko a jikin ganye. Na huɗu, ɓawon ya tsage, ƙwaro mai fikafikai ya fito. Shi ba ya tauna ganye, ruwan fure yake tsotsa. Aikinsa shi ne ya yi barbara, macen ta yi ƙwai, a koma farko.

Masana sun ƙidaya fiye da iri 150,000 na wannan dangi a duniya. Kaɗan ne ƙwarai daga cikinsu ke taɓa abincin mutum.

Na rana da na dare

Dangin ya rabu gida biyu. Akwai malam-buɗe-littafi, akwai faɗa-wuta.

Malam-buɗe-littafi da rana yake yawo. Idan ya sauka, yakan haɗa fikafikansa a tsaye, ya buɗe, ya rufe. Ƙahonninsa biyu sirara ne, kowane da ɗan ƙulli a ƙarshensa.

Faɗa-wuta kuwa yawancinsu da dare suke fita, su ne ke kewaye fitila. Idan ya sauka, yakan shimfiɗa fikafikansa ko ya kifa su a bayansa kamar jinka. Jikinsa ya fi kauri, da gashi-gashi. Ƙahonninsa kamar zare suke, ko kamar gashin tsuntsu, babu ƙulli.

Ga abin da ya kamata kowa ya riƙe: manyan tsutsotsin da ke ɓarnar hatsi da dawa da wake, ɗiyan faɗa-wuta ne. Uwayensu suna aiki muna barci. Shi ya sa muke ganin kamar tsutsa ta faɗo daga sama.

Murzuna

Mu fara da wadda ta fi cutar da mu. Murzuna ta daɗe a ƙasashen Sahel, amma bayan babban farin 1972 zuwa 1974 ne ɓarnarta ta yi ƙamari. Masu bincike sun auna gonakin da ta cinye har kashi 85 cikin 100 na amfaninsu a mummunar shekara.

Uwar murzuna ƙaramar faɗa-wuta ce. Idan ta buɗe fikafikai, faɗinta bai kai santimita 3 ba. Launinta ja-ja ne mai kama da ƙasa, da ɗige-ɗige farare a fikafikan gaba. Tana fitowa daga ƙasa kamar wata ɗaya bayan ruwan shuka na farko mai ƙarfi. Da dare take neman zangarniyar da ta fito sabuwa, ta ajiye ƙwai a kanta, yawanci wajen tsininta. Mace ɗaya tana iya yin ƙwai ɗaruruwa. Cikin kwana 3 zuwa 5 ƙwan ya ƙyanƙyashe.

Ƴar ƙaramar tsutsar tana shiga cikin furen hatsi ta ci. Alamarta ta farko ita ce ɗan farin kashi kamar tsaki a jikin zangarniya. Idan ta girma, sai ta riƙa yanke gindin furanni tana tafiya a ƙarƙashinsu, tana kewaya zangarniya. Wannan hanya mai murɗewa ita ce kowa ya sani. Amma duk wanda bai farga ba sai da ya ga hanyar, ya makara.

Bayan kamar wata ɗaya tana ci, sai ta yi ja, ta sauko, ta shige ƙasa, ta dunƙule. A nan take kwana duk rani, a cikin gonar da ta cinye, tana jiran ruwan baɗi. Sau ɗaya take haihuwa a shekara. Ke nan murzunar bana tun bara take kwance a ƙarƙashin ƙafafunmu.

A nan rubutu yake da amfani. Wanda ya rubuta ranar ruwan shuka, ya ƙirga kwana 30, ya san lokacin da zai fara tsaro. Wanda bai rubuta ba, sai dai ya ji labari a kasuwa.

Sauran masu ɓarna

Tsutsar kara. Ita cikin karan hatsi take zama. Fara-fara ce da baƙaƙen ɗige-ɗige. Idan ta shiga ƙaramin hatsi, sai zuciyarsa ta bushe alhali ganyen gefe yana ɗanye. Idan hatsin ya girma, za a ga ƴan huji a jikin kara, iska kaɗan ta karya shi. Wannan ba ta kwana a ƙasa. Cikin busasshen kara take wuce rani, wato cikin darninmu da rumfunanmu da tarin karan da muka ajiye. Feshi ba ya isa inda take. Maganinta yana hannunmu tun kaka: karan da za a yi gini da shi a babbaka shi sama-sama, wanda aka ajiye don dabbobi a ba su su cinye kafin ruwa ya sauka, wanda ya rage a gona a kwantar da shi ƙasa rana ta gasa shi.

Baƙuwar tsutsar masara. Asalinta daga nahiyar Amurka ne. A farkon 2016 aka fara ganinta a Afirka ta Yamma, ba a daɗe ba kuma ta iso Nijar. Ta fi son masara, amma tana cin dawa da hatsi. Tana ɓuya cikin kunnen shuka, ta bar kashi kamar dusa mai laima. Tana da alamu biyu. A goshinta akwai zane kamar harafin Y a kife. Kusa da wutsiyarta akwai baƙaƙen ɗigo huɗu, biyu a gaba biyu a baya, kamar kusurwoyin ɗaki. Wanda ya koyi baƙaƙe ba zai ɓata wajen gane ta ba. Uwarta tana iya tafiyar kilomita 100 a dare ɗaya idan iska ta taimaka mata, don haka nisan gari ba ya kare shi.

Gizaka. Ita ce mai gashi, wadda ke fitowa farkon damana ta cinye ƙaramin wake da hatsi. Ana iya tsince ta da sassafe, amma da tsinke ko da leda a hannu. Gashin wasu gizaka yana sa ƙaiƙayi da kumburi. A hana yara wasa da ita, kuma kada wanda ya taɓa ta ya murza idonsa.

Tsutsar furen wake. Fara ce da baƙaƙen ɗigo a jere. Tana ɗinke fure da ganye da wani siririn zare, ta huda kwanson wake, ta bar kashi a bakin hujin. Ruwan ƴaƴan dogon yaro da aka daka aka jiƙa yana rage ta, idan an fesa da yamma tun tana ƙarama.

Ga tsutsa biyar, kowace da gidanta, da lokacinta, da maganinta. Ta yaya kwalba ɗaya za ta yi musu duka?

Waɗanda ba ruwansu da hatsinmu

A jikin tumfafiya akwai wata tsutsa mai zane baƙi da fari da rawaya. Ganyen tumfafiya da danginta take ci. Dafin tumfafiyar yana zama a jikinta, shi ya sa tsuntsaye ke ƙyale ta. Ita ce ke zama malam-buɗe-littafin nan mai launin jan ƙasa, mai baƙin bakin fiffike da ɗigo farare. Ko an ɗora ta a kan zangarniya ba za ta ci ba.

Akwai kuma fararen nan masu baƙin zane, waɗanda wani lokaci ke wucewa da yawa kamar an watsa auduga. Mutane kan tsorata su ce bala'i ya zo. Ɗiyansu ganyen anza da jiga suke ci. Sukan yi wa itacen aski, amma ya sake toho. Gonar hatsi ba ta gabansu.

Wani ma baƙo ne daga nesa. A 2016 masu bincike daga ƙasar Sifaniya suka bayyana cewa akwai wani malam-buɗe-littafi da ke tasowa daga Turai, ya ƙetare teku da hamadar Sahara, ya iso Sahel wajen ƙarshen damana, ya hayayyafa. Daga baya zuriyarsa ta koma arewa. Zuwa da komowa ya fi kilomita 12,000. Ashe ba raƙuma da shanu kaɗai ke bin ɗanyar ciyawa ba.

Kada mu manta kuma, zaren tsamiya da ake yi wa manyan riguna ado da shi, tsutsa ce ke saƙa shi. Su kuma masu fikafikan, idan suna yawo daga fure zuwa fure, suna taimaka wa wasu tsirrai su yi ƴaƴa.

Mai taimakon da ba mu gani

Kowa ya taɓa ganin zanzaro ya ɗauko tsutsa ya kai ɗakinsa na laka. To akwai wani ɗan'uwansa ƙarami ƙwarai, tsawonsa bai wuce milimita 3 ba. Ba ya harbin mutum. Macen tana neman murzuna a cikin zangarniya, ta harbe ta, ta sandare, sannan ta yi ƙwai a jikinta. Ɗiyanta su tsotse tsutsar har ta bushe. Cikin kwana goma ko kusa da haka sun zama manya, su ma su shiga farauta.

Yana nan a ƙasarmu tun da can, sai dai rani yana rage shi, ba ya yin yawa sai ɓarna ta riga ta auku. Saboda haka tun 2006 masu bincike na Nijar da Mali da Burkina Faso suka haɗa kai don kiwonsa a sake shi da wuri. A nan gida, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, wato INRAN, reshen Maraɗi, ta yi aiki a kai, tare da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da cibiyar ICRISAT. Malamai irin su Ibrahim Baoua da Malick Ba suna cikin waɗanda suka ja gaba.

Dabarar mai sauƙi ce. Ana zuba hatsi a ƴar jakar algarara, a sa tsutsar da aka kiwata, a sa matan wannan ƙwaro, a ɗaure. Sai a rataye jakar a inuwa kusa da gonaki. Sabbin ƙwarin su riƙa fita ta ƙofofin saƙar. Jaka 15 aka saba rabawa a gari ɗaya: gabas, yamma, kudu, arewa da tsakiya. Suna bazuwa kilomita 3 zuwa 5. A garuruwa da yawa da aka gwada, fiye da rabin murzuna ta mutu. Wasu ƙungiyoyin manoma ma sun koyi kiwonsa da kansu.

Amma jakar ba ta aiki sai an rataye ta a kan kari, lokacin da tsutsa ta fara bayyana. Garin da bai sa ido ba, ba zai san lokacin ba. Kuma wanda ya fesa guba, ya kashe mai taimakon kafin ya kashe ɓarawon. Idan muka buɗe hanyar murzuna muka ga tsutsa ta yi baƙi ta yanƙwane, da ƴan fararen ƙunshi kamar ƙwayar shinkafa a gefenta, to mai taimako yana aiki. Mu bar shi.

Guba da lafiyarmu

Hatsi ya fi mutum tsawo. Mai feshi sai ya ɗaga hannu sama, maganin ya dawo masa a fuska. Ita kuwa murzuna tana lulluɓe a ƙarƙashin fure. Mun sha ganin samari suna feshi ba takalmi, ba abin rufe hanci, da tsakar rana. Mun sha ganin galan ɗin magani ya koma na ruwan sha ko na nono. Dabbobinmu kuma su ne ke cin kara da harawar da aka fesa.

Alamun guba a jiki su ne ciwon kai, jiri, amai, yawan zufa, dalalar miyau, da wahalar numfashi. Idan haka ta faru, a fid da mutum daga gona, a cire masa tufafin, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, a kai shi gidan likita tare da kwalbar maganin. Kada a ɗura masa nono ko mai, kada a tilasta masa amai. Nono abinci ne mai albarka, amma ba ya karya wannan guba.

Abin da wasu za su ce

Wani zai ce: "Ina ni ina bin ƙwari, ga noma ya sha mini kai?" Muna amsa masa da cewa zagayen gona na rabin awa, sau biyu a mako, bai kai wahalar neman kuɗin tiya a watan Yuni ba.

Wani zai ce: "Kakanninmu ba su rubuta ba, kuma sun ci." Gaskiya ne. Amma sun san daji fiye da mu, sun san kowane tsiro da ƙwaronsa. Kuma a zamaninsu tsutsar masara ba ta zo ba. Mu tambayi tsofaffinmu sunayen da suka sani, na Hausa da na Fulatanci da na Buzanci, mu rubuta kafin su tafi da su.

Wani zai ce: "To a daina feshi ke nan?" Ba mu ce haka ba. Akwai ranar da feshi ya zama dole, kamar idan fara ta sauka. A ranar, ma'aikacin gona ne zai faɗi irin maganin da adadinsa, wanda aka horar kuma shi zai fesa. Abin da muka ƙi shi ne harbi cikin duhu.

Littafin tsutsa

Muna kira ga kowace makarantar yaƙi da jahilci a Azagor da sauran garuruwan Dakoro ta buɗe littafi ɗaya na gari. Ga yadda za a yi:

1. A rubuta ranar ruwan shuka, da ranar da hatsi ya fara fid da kai.

2. Daga mako na uku bayan ruwan, a riƙa kunna fitila a bakin gona bayan magariba. A ajiye tasa da ruwa da ɗan sabulu a ƙarƙashinta. Da safe a duba abin da ya faɗa, a ware iri-iri, a ƙirga, a rubuta.

3. Sau biyu a mako a ratsa gona daga kusurwa zuwa kusurwa. A duba zangarniya 20. A rubuta nawa ke da ƙwai, nawa ke da farin kashi, nawa ke da hanya.

4. Idan an ga tsutsar da ba a sani ba, a rubuta abu huɗu: tsiron da take ci, wurin da take ci a jikinsa, launinta, da ko tana da gashi. Wanda ya iya zane ya zana ta. Mai wayar da ke ɗaukar hoto ya ɗauka.

5. A sa ɗaya a kwalba mai faɗin baki, da ɗan rairayi a ƙasa, da ganyen da aka same ta a kai. A rufe da ƙyalle. A riƙa sauya ganye har ta dunƙule, a ga abin da zai fito. Ta haka ake haɗa ɗiya da uwarta. Murzuna dai sai baɗi za ta fito, kada a ƙosa.

6. Da an ga alamar farko, a kai labari ga ma'aikacin gona da hukumar kare tsirrai a Dakoro. Maganar jakunkuna kuwa tun da rani za a fara ta, gari ya haɗa kuɗi ya nemi inda ake samu. Ƙwaron bai san iyakar gona ba, don haka kuɗinsa ma na kowa ne.

Mata su shiga, domin su ne suka fi sanin wake da kuɓewa da zogale. Yara masu kiwo su shiga, domin babu wanda ya kai su yawon daji. Bayan shekara uku, littafin zai faɗa wa gari makon da murzuna ta saba zuwa, da gonakin da take fara sauka. Babu baƙon da zai kawo mana wannan sani daga birni, domin a gonakinmu yake.

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Bana, kafin kowa ya kwance akuyarsa ya nufi teburin mai magani, ya fara zuwa gona ya duba, ya dawo ya rubuta, ya tambaya.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya kare mana hatsinmu da lafiyarmu. Amin.